Ƙosassun haruffan nan mulmulallu, sun dace da allon shagon fura kuwa?

Sani_Agege:
Salamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen masu harkar dizain da ɗab'i. Za mu buɗe shagon fura da yogot a Agege ni da yayana, sunan da muka tsayar shi ne Ɗanɗano. Na kai aikin allo da sitikar robobi Shomolu, unguwar masu ɗab'i a nan Legas, yaron da ya zana ya yi mana da irin haruffan nan masu kauri ɓul-ɓul waɗanda ba su da tsini ko ɗaya, ko'ina a mulmule. Ni dai ya burge ni wallahi, amma Yaya yana gani ya ce sam, wai wannan rubutun makarantar nazare ne, babu babban mutumin da zai tsaya ya sayi abu a ƙarƙashinsa, a yi mana miƙaƙƙe irin na banki. Yanzu an tsayar da aikin. Shin wannan salon haruffan na yara ne kawai ko ya dace da mu?

Maman_Hanifa:
Wa alaikumus salam. Kai ƙanina fura za ku sayar ko bashi za ku bayar da za a yi muku rubutun banki 😂 ka duba kayan ci da sha da ke kanti, alawa, biskit, madara, askirim, yawancinsu da irin wannan rubutun ake yi. Bar shi yadda yaron ya yi.

Alhaji_Mile12:
Ina bayan yayanka. Mutum ya san girmansa. Ni allon rumfata baƙi da fari ne, suna da lambar waya, shi ke nan, kuma ba a taɓa rasa ni ba.

Maman_Hanifa:
Alhaji ranka ya daɗe ai kai dillalin albasa ne, wanda zai sayi buhu hamsin ba allo ne ke kawo shi ba, da ma ya san ka. Shi kuwa mai wucewa yake son ya tsayar, wanda rana ta dake shi ya sauko daga danfo yana jin ƙishi.

Nura_Dizain:
Bari in sa baki tunda aikina ne, a Shomolu nake nima. Sani da farko ka tambayi yaron sunan salon da ya yi amfani da shi, don ba ɗaya ba ne. Waɗanda aka fi samu a kwamfutocinmu a nan huɗu ne ko biyar: Cooper Black, Arial Rounded, VAG Rounded, sai na Google irin su Baloo da Fredoka. Duk mulmulallu ne amma halinsu ya bambanta. Cooper Black yana da 'yan ƙafafu a ƙarshen kowane harafi, su ma a dunƙule, kuma yana da nauyi sosai, in ka sa shi a allo ya cika wuri. Arial Rounded ya fi shi siranta, ba shi da ƙafa, ya fi kama da rubutun ofis da aka goge wa kaifi. Fredoka da Baloo su ne suka fi karkata wajen wasa, to in ɗayansu yaron ya sa, kuma ya haɗa da kala biyar irin su ja da ruwan ɗorawa da shuɗi, lallai yayanka yana da gaskiya zai yi kama da nazare. Yawanci ba harafin ne ke jawo wannan ba, kala ce. Ka sa Cooper Black fari a kan kore mai duhu ko ruwan ƙasa ka gani, babu wanda zai ce na yara ne.

Sani_Agege:
Oga Nura na kira shi yanzu, ya ce Cooper Black ne. Kalar kuwa ka canka, kowane harafi da kalarsa ya yi.

Nura_Dizain:
To ka ji. Kala biyu ta ishe ku.

Garba_Kwamfuta:
Masu cewa na yara ne su sani Cooper Black ya girmi kakan kowa a nan. Wani mai zanen haruffa a Chicago ta Amurka, Oswald Cooper, shi ya zana shi, aka fitar a 1922, tun zamanin da ake zuba haruffa da dalma. Don talla aka yi shi, jarida da fosta da allon kanti, wato a hango daga nesa. Kuma kamfanin jirgin sama na Ingila, easyJet, da shi suka rubuta sunansu a jikin jirage. In mutane za su yarda su hau jirgin da aka rubuta wa suna da shi su tashi sama, ban ga abin da zai hana su shan fura ba.

Direban_Danfo:
Malam Garba wancan VAG ɗin da Oga Nura ya ambata yana da alaƙa da Volkswagen ne? Don na saba ganin haruffan nan uku a kwalayen safaya.

Garba_Kwamfuta:
Ƙwarai kuwa, nasu ne. A 1979 aka yi wa Volkswagen shi, lokacin da suke haɗa dillalansu da na Audi a inuwa ɗaya. Daga baya ya fita kasuwa kowa na amfani da shi, har Apple sun yi shekaru da shi suke rubuta haruffan da ke kan madannan kwamfutocinsu. Ka ga mota da kwamfuta, babu nazare a ciki.

Direban_Danfo:
Ikon Allah. Ni da nake wuce tashar Volks kullum a hanyar Badagry, wurin da kamfaninsu yake haɗa motar Bitil a da, kuma motar da nake ja ma tasu ce. Amma mu rubutun jikin danfo ba mulmulalle muke so ba gaskiya, mai ƙahonni muke so wanda ake yanka da sitika, ya fito da tsini sama da ƙasa. Mota ai ba a son ta yi laushi a titin Ikko, in ka yi laushi ko hanya ba za a ba ka ba.

Nura_Dizain:
Direba ai har an mayar da rubutun naku salon kwamfuta. Wasu masu dizain 'yan Najeriya da ake kira Afrotype sun yi wani suka sa masa suna Danfo, yana cikin na Google kyauta, daga rubutun jikin motocinku suka ɗauko shi. Kuma maganarka ta taɓo ainihin abin. Tsini yana nuna zafi da sauri, mulmule yana nuna taushi da sanyi da abin da za a kai baki. Ku duba harafin O a Cooper Black, dunƙulen fura ne sak. Mai sayar da taya ko mai gadi ba zai so shi ba, mai fura kuwa an yi masa gata.

Ummi_Akoka:
Akwai ma gwajin da masana halayyar ɗan'adam suka daɗe suna yi a kan wannan. A nuna wa mutum zane biyu, ɗaya mai tsini-tsini ɗaya mulmulalle, a ce wanne ne kiki wanne ne buba, mafi yawan mutane ko da wane yare suke yi mai tsinin suke ba kiki. Asalinsa daga wani Bajamushe ne Wolfgang Köhler a 1929, shi da wasu kalmomin ya yi. To ido yana jin siffa tun kafin ya karanta abin da aka rubuta.

Alhaji_Mile12:
Yaran zamani kun iya kawo turanci a kan komai. Fura dai in ta yi tsami ba harafin da zai cece ta.

Malam_IdiAraba:
Duk na karanta abin da kuka faɗa amma ba wanda ya taɓo abin da ya fi damuna. Sani ka ce sunan shagon Ɗanɗano. Ka je ka duba zanen da kyau, ƙugiyar Ɗ ta farko da ɗ ta tsakiya suna nan? Domin waɗannan tsofaffin salon na Turawa ba su da ɓ, ɗ, ƙ, ba a yi su don mu ba. Abin da ke faruwa ɗaya cikin uku ne: ko kwamfuta ta sa ɗan akwati a gurbin harafin, ko ta aro harafin daga wani salon daban sai ka ga duk kalmar ƙosassa amma ɗ ɗin ramamme a tsakiya, ko kuma mai zanen ya share ƙugiyar ya rubuta Dandano ya yi shiru. Na ukun ya fi yawa a Legas saboda yawancin masu bugawa ba Hausawa ba ne, a wurinsu d da ɗ duk ɗaya. An taɓa buga mana fileks, wato banar roba, na walimar saukar karatu, a ce ana maraba da baƙi, sai ga baki a rubuce ɓaro-ɓaro, yara na ta dariya.

Sani_Agege:
Innalillahi. Malam wallahi Dandano ya rubuta, yanzu na sake buɗe hoton. Ni sam idona bai kai ba.

Maman_Hanifa:
To ai mu ma a waya haka muke rubutawa ba ƙugiya kuma ana ganewa. Wa zai ga Dandano a shagon fura ya kasa gane nufi?

Malam_IdiAraba:
Hajiya saƙon waya daban, allon da zai yi shekaru a bakin titi daban. Kin taɓa ganin Bayarabe mai kishin yarensa ya yarda an cire masa ɗigon ƙarƙashin ẹ da ọ a littafi? Mu ne kawai muke ɗaukar namu ba komai ba. Kuma ko a wayar ma Gboard, madannan rubutu na Google, yana da Hausa, ki danne d ki riƙe za ki ga ɗ ta fito.

Garba_Kwamfuta:
Matsalar tsohuwa ce Malam. Tun a shekarun 1980 aka yi wani aiki da ake kira Pan-Nigerian don a samu haruffan da za su ɗauki harsunan ƙasar nan gaba ɗaya, har shahararren mai zanen haruffa na Jamus Hermann Zapf ya sa hannu. Yanzu Unicode, tsarin da ke ba haruffan duniya lamba a kwamfuta, ya ba kowane harafinmu lambarsa, ɓ da ɗ da ƙ har da ƴ da 'yan Nijar ke rubutawa inda mu muke sa 'y. Sai dai samun lamba daban, mai salon ya zauna ya zana harafin daban. Noto Sans na Google yana da su, Andika na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL yana da su, shi da ma don masu koyon karatu aka yi shi. Akwai kuma Ojuju da wani ɗan Najeriya Chisaokwu Joboson ya zana, da harsunan Afirka a ransa ya yi shi, amma ba mulmulalle ba ne. Hanya mafi sauƙi kafin ka zaɓi kowane salo: ka rubuta ɓ ɗ ƙ Ɓ Ɗ Ƙ da alamar ₦ a ciki ka gani. Alamar naira ma tana ɓacewa a da yawansu.

Nura_Dizain:
Ba sai an canja salon ba Sani, kalma ɗaya ce, da hannu ake gyarawa. Ka ce wa yaron a manhajar zane ta CorelDraw ya rubuta Dandano, ya danna Ctrl da Q ya mayar da rubutun zane. Sai ya rubuta ƙaramin f a gefe da wannan salon dai, shi ma ya mayar zane, ya yanko lanƙwasar kansa ya ɗora a saman sandar ƙaramin d ya haɗe su, ƙugiyar ta kalli dama. Ta babban Ɗ kuwa hagu take fita daga sama, kada ya juya ta. Abin lura shi ne kaurin ƙugiyar ya zo daidai da kaurin sandar, kuma ƙarshenta ya mulmule kamar sauran, in ya yi ta siririya za a ga an liƙa ta ne. Sannan ya ɗan buɗa tsakanin ɗ da a mai bi mata don kan ƙugiyar kada ya hau kanta. Aikin minti kaɗan ne ga wanda ya iya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne masu sa waƙafi a sama su rubuta D'and'ano, wannan dabarar zamanin tafireta ce, a ƙosasshen harafi muni take yi.

Baba_MaiFenti:
Ni da buroshi na koyi aikin nan a Obalende tun kafin fileks ya zo ya kashe mana kasuwa, jikana ne ke rubuta min wannan. Ƙugiya ba ta taɓa ba mu wahala ba, hannu ne, inda ka so ka lanƙwasa. Kuma mulmulallen harafin da kuke ta yabo ai buroshi ne ya haife shi, in ka ja layi da buroshi mai kauri ƙarshensa da kansa yake zagayewa, yin kusurwa mai kaifi shi ne aiki. Shawarata ga yaron nan ita ce ya kula da cikin harafi. Ramin da ke cikin a da o da e, shi ne ke sa a karanta. Ƙosasshen harafi raminsa ƙarami ne, daga nesa sai ya toshe, kalma ta zama dunƙule ɗaya. Mu a da mukan ce duk inci ɗaya na tsayin harafi ƙafa goma ne na nisan mai karatu. In titin gabanku faɗinsa da nisan mai tafiya ya kai ƙafa tamanin to kada harafi ya gaza inci takwas, kuma a ba su fili tsakaninsu su sha iska.

Nura_Dizain:
Allah ya ƙara girma Baba, wannan lissafin har yau da shi muke aiki. Kuma maganar toshewar rami ita ce ta kawo mu kan sitikar roba, wanda ni a nan ne nake ganin yayan Sani yana da rabin gaskiya. Irin wannan salon na kanun magana ne, suna da kalma biyu ko uku. Da zarar ka ƙanƙanta shi ka rubuta kayan haɗi, adireshi, lambar waya, ranar lalacewa, lambar NAFDAC in kun samu, to ka kashe kanka, 3 da 8 za su zama abu ɗaya, 6 da 0 haka. Balle a kan leda inda tawada ke ɗan bazuwa, ko roba mai fitowa daga firiza tana gumi. Waɗannan a ba su miƙaƙƙen siririn salo irin wanda Yaya yake so. Ka ga kowa ya samu nasa, sunan naka, ƙananan rubutun nasa.

Hadiza_Kek:
Wannan gaskiya ne, ni ma a kwalin kek ɗina sunan kawai na bari da mai kaurin. Wani amfanin da na lura da shi, sitikar da aka yanka harafi-harafi in tana da tsini daga tsinin take fara ɓarewa, musamman da damshin Legas, mulmulalliyar ta fi daɗewa a manne a gilashi.

Bala_Alaba:
Haka ma in allon mai wuta za ku yi, wanda ake yanka harafin da roba mai kauri a sa fitila a ciki. Bakin injin da ke yankawa zagayayye ne, ba ya iya fitar da lungu mai kaifi ta ciki, don haka mulmulallen salo ya fi fitowa yadda aka zana shi. Amma da dare haske yana ƙara wa harafi ƙiba a ido, farin harafi a kan duhu sai ka ga ya kumbura, to a ƙara tazara fiye da yadda aka yi a fileks. Ka zo Alaba in nuna maka samfuri.

Alhaji_Mile12:
An fara talla ke nan 😄 Sani kafin ka sa allo mai wuta ka tambayi kuɗin LASAA tukuna, su ke kula da allunan talla a jihar nan kuma girman allo da unguwa suna cikin abin da ake dubawa.

Ummi_Akoka:
Tambaya Oga Nura, in suna so su ƙara sunan da ajami a ƙasa fa? Dattawan Agege da yawa ajami ya fi musu sauƙi. Akwai mulmulallen na Larabci da zai tafi da shi?

Nura_Dizain:
Akwai Baloo Bhaijaan, ɗan gidan Baloo ne da wasu masu zane na Indiya Ek Type suka yi, na haruffan Larabci, mai kauri mulmulalle. Sai dai ajaminmu da wasali yake tafiya, fataha da kisira da rufu'a, ga imala, kuma dattawan da kike magana idonsu ya saba da rubutun allo irin na warshu. A ƙosasshen salo wasulan cunkushewa suke yi. Ni da zan ba da shawara a samu alaramma mai kyan hannu ya rubuta da alƙalami a takarda, a ɗauki hotonsa a bi shi a kwamfuta.

Malam_IdiAraba:
Wannan ita ce magana. Kuma a kawo a duba kafin a buga, kada a gyara boko a ɓata ajami.

Garba_Kwamfuta:
Wani abu da ba mu cika kulawa da shi ba a nan, lasisi. Na Google duk kyauta ne har don kasuwanci, yawancinsu a ƙarƙashin lasisin kyauta da ake kira OFL suke. Amma waɗanda yara ke saukewa a shafukan intanet barkatai da yawa an rubuta don amfanin kai ne kawai ban da kasuwa. Cooper Black da Arial Rounded suna zuwa tare da Microsoft Office. Na san za a ce wa zai biyo mai fura Agege, amma wanda ke da burin kayansa su shiga manyan kantuna gara ya fara da tsabta.

Direban_Danfo:
Malam Garba a ƙasar da ake sayar da Corel ɗin kansa a faifai a bakin gada kake maganar lasisi 😂

Yusuf_Apapa:
Ni matsalata da Cooper Black ba yara ba ne, yawa ne. Ka zagaya Agege zuwa Oshodi ka ƙirga masu burodi da masu ruwan leda da masu shawarma da suka yi amfani da shi. In kowa ya yi ihu wa za a ji? Ko fostocin siyasa in zaɓe ya matso za ka gan shi. Da ni ne zan biya Baba_MaiFenti ya zana min sunan da hannu, ƙugiya da komai, sai Oga Nura ya mayar da shi kwamfuta, ka ga babu mai irinsa a duk Legas.

Maman_Hanifa:
Yawan amfani da shi ai shaida ce yana aiki. Kuma mai wucewa ba ya cewa ga Cooper Black, cewa yake ga fura.

Baba_MaiFenti:
Hannu ya fara rawa ɗana amma kalma ɗaya ba za ta gagara ba.

Sani_Agege:
Na gode ƙwarai jama'a. Na nuna wa Yaya duk abin da aka rubuta, ya yarda a rage kala zuwa fari da kore, ya kuma ce maganar Malam ta ƙugiya ba ja. Amma har yanzu yana nan kan bakansa wai ƙiba ta yi yawa, yana so a gwada VAG ɗin nan na masu mota tunda shi ya fi natsuwa. Ni kuma shawarar Yusuf ta fara shiga raina.

Nura_Dizain:
Kada ku yi gardama a kan allon waya, ƙarya yake yi, komai a cikinsa kyau yake. Ku buga duka biyun a takarda da ainihin girman da za a yi, ko da baƙi da fari ne a jojjona, ku manna a saman ƙofar shagon ku tsallaka titi ku duba, da rana sau ɗaya da magariba sau ɗaya. Sitikar kuma a buga guda ɗaya a liƙa a roba a sa a firiza ta kwana. In VAG kuka ɗauka ka tuna shi ma ba shi da ɗ, aikin f ɗin nan dai za a sake.

Alhaji_Mile12:
Ni dai har yanzu ban ji wanda ya faɗi nawa ne kofi ba, kuma nonon daga ina za ku riƙa kawowa?